Nomau da Bencin Rukuni

A ƙauyenmu na Gidan Tambai akwai yaro Nomau, jikan tsohuwa Hajjo. Su biyu ne a gida, sai akuya. Shi Nomau abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Hajjo ta taɓa cewa kada ya baro rijiya sai tulu ya cika, alhali tulun ya tsage. Sai da azahar ta je ta jawo shi da kunne.

Wata rana Malama Asabe ta raba 'yan aji biyar rukuni-rukuni. Nomau ya faɗa cikin su Ladidi da Talle da Barau. Malama ta ce, "Abin da ɗaya ya sani, kowa ya sani." Nomau kuwa ya zazzage tumbinsa kaf: Talle na tsoron kwaɗo, Ladidi ce ta cinye ƙuli-ƙulin monita, baban Barau kuma ya rantse cewa da zarar shinkafa ta fitar da kai zai cire shi daga makaranta ya tafi korar tsuntsu. Aka yi ta dariyar kwaɗo. Barau dai ya sunkuyar da kai.

Wata rana kuma Malama ta ce kada wanda ya ɗaga hannu sai duk rukuninsa sun gane. Can fitsari ya matsi Nomau. Ya juya yana mutsu-mutsu.

"Ladidi, kin gane fitsari nake ji?"

"Na gane, tashi ka ba mu wuri!"

"Talle fa?"

Talle, ɗan neman magana, ya ce a sake masa bayani daga farko. Kafin ya gane, aikin gama ya gama. Ranar su huɗun suka wanke benci.

Wata rana aka wayi gari babu Barau. Shinkafa ta fitar da kai, uba ya cika rantsuwarsa. Dama Malama ta sha faɗa cewa rukuni ba ya zama sai ya cika. Nomau ya dubi gurbin Barau, ya ce su Ladidi su tashi, ya sungumi benci ya aza a ka, ya nufi fadama. Su Ladidi suka bi shi suna ihu ya dawo da abin zamansu, Malama a baya da alli a hannu.

Nomau ya dire benci a bakin gonar Malam Shekarau, baban Barau.

Malam Shekarau ya ce, "Kai, wa ya aiko ka?"

"Baba, rukuni ba ya zama sai ya cika. Barau, zauna."

Barau ya zauna, hawaye na zuba. Nomau ya ɗauko karatun lissafi da muryarsa mai kamar gwangwani, sauran suka amsa. Garken tsuntsayen jan-baki da ke shirin sauka ya watse, bai ƙara kusantar gonar ba. Malam Shekarau ya daɗe yana duban sama, ya dubi Malama, ya ce, "To, in haka ne, a bar bencin nan."

Har aka yanke shinkafa, kullum rukuni ɗaya a fadama yake karatu, Barau kuwa bai bar makaranta ba. Wallahi ina ƙaunar yaron nan Nomau. Duk wanda ya yaba wa Malama Asabe kan dabarar, sai ta girgiza kai ta ce, "Ni na faɗa, amma Nomau ne kaɗai ya ji."