Gaisuwar da ta Cinye Saƙo

Ƙamshin masa na shigowa ta tagar ofishinmu a Tudun Wada safiyar da na ƙudurta koya wa kwamfuta ladabi. Aikina lura da inshorar 'yan hayar shagunanmu: wanda tasa ta kusa ƙarewa, manhaja ta tura masa saƙon waya. Saƙon kuwa ko sallama babu, alhali 'yan hayar dattawa ne. Sai na gyara shi. Na tambayi iyali da kasuwa da gajiya, na ƙara baiti biyu kan damina, can ƙasa na ambaci inshora.

Ashe manhajar tana yanke saƙo idan ya yi tsawo.

Bayan mako biyu shago tara suka zauna babu inshora. Alhaji mai atamfa ya iso da kilishi: "Ɗiyata, mun ga gaisuwa, muna amsawa."

Manaja ya dafe kai. "Mi kinka tura musu? In gobara ta tashi fa?"

Kwana uku ina bin shaguna a ƙafa ina tuna musu sabunta inshora. Har yau Malama Ina-gajiya suke kirana. Sai bara na ji ashe Alhajin ya tura wa matarsa baitocin, ya ce nasa ne.