Rasuwar Gwaggo Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da bai saba da biro ba, nake sanar da rasuwar na'urar nan ta ƙaramin asibitin garinmu, wadda ake ɗora wa mai ciki a ji bugun zuciyar ɗanta. Mata suna kiranta Gwaggo Kunne. Saura kaɗan in fasa rubutun nan, don a firamare na tsaya, kuma ko a gidan suna ba a jin muryata. Sai na ga babu mai niyyar yi mata sanarwar.

Marigayiya ba ta fi tafin hannu ba. Ba ta taɓa yi wa mace tsawa don ta makara ba, ba ta kuma tambayar matar wane ce kafin ta duba ta. A shafa mai, a ɗora ta, sai ta ce kutuf, kutuf, kutuf, kamar ana daka a maƙwabta. Ni da na yi ɓari biyu, wannan dakan nake zuwa ji.

Ta daɗe tana jinya. Da man shafawarta ya ƙare, aka koma man gyaɗa, har ya shige mata ciki. Malam Basiru maigadi kuwa, Allah ya saka masa, yakan ari batirinta ya ji labarai a rediyo, ya mayar mata da ragowar.

A kan cikina ta cika, ranar da na je saboda yaron ya daina motsi. Ta ce shuuu, ta yi shiru. Malama Ummukulthum ungozoma ta bubbuga ta, ta ce na'urar ce ta mutu, in koma gida in sha ruwan sanyi.

Gwaggo Kunne ta rasu ta bar sikelin da ke ƙara wa kowa nauyi, da benci mai karyayyar ƙafa, da maigadi cikin ƙoshin lafiya da sanin halin da duniya ke ciki.

Za a binne ta ranar Juma'a a bayan asibiti, inda ake ƙona shara. Malam Basiru ne zai saka ta a rami, tunda shi ya fi kusa da ita. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da man gyaɗa, ta sha ya ishe ta.

Ni dai a yi mini uzuri, ba zan iya zuwa ba. Washegarin rasuwarta na hau babur zuwa babban asibiti, inda 'yar uwarta take da ranta da lafiyarta. Aka ɗora ta a kan matar da ke gabana, ɗaki ya cika da ƙara. Da na kwanta, aka yi ta yawo da ita a kan cikina, ba ta ce komai ba.