Katin Tarbar Saje

Duk wanda ya ce mun rasa masana harkar tsaro bai taɓa leƙa shagon buga katin gayyata da ke jikin na mai gyaran fanka ba. A nan Janar yake zama, tsakanin injin kwafi da kwalin tawada, yana kare ƙasa da babban yatsansa na dama. Gaskiya ne bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma ko tayar mota ce ta fashe a titi shi ke fara isa ƙarƙashin tebur. Amma Allah ya ba shi abin da ya fi bindiga: ƙaninsa soja ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da ƙanin ya samu igiya ta uku ya zama Saje, yayan ya duba ya ga bai dace ƙarami ya wuce babba ba, sai ya yi wa kansa ƙarin girma har zuwa Janar.

Fagen famansa shi ne shafinsa na sada zumunta, inda yake da mabiya dubu huɗu da ɗoriya, kuma ya rantse ya san zuciyar kowannensu. Can yake zuba hotuna. Ga Saje cikin kaki, sunansa da lambar rundunarsa raɗau a ƙirji. Ga ɗan Saje na fari da rigar makaranta, sunan makarantar ya fi fuskar yaron fitowa. Ga ƙofar gidan Saje, Janar ya jingina da ita, ya ɗan karkata don kada ya rufe lambar gida.

Wata rana matar Saje ta zo shagon da goyon 'yarta mai wata bakwai, wadda aka haifa uban yana daji, har yau bai taɓa ɗaukarta ba. Ta rusuna ta ce, "Yaya, don Allah a sauke hotunan nan. Jiya wani da ban sani ba ya kira ni, ya ambaci sunan yaron da ajinsu."

Janar ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar. "Ƙanwata, mu da muke cikin harkar nan mun san abin da ba ku sani ba. Tsoro shi ne makamin abokan gaba. Wanda ya kira ki masoyi ne. Ni idan na sa hoto, ƙarfafa wa dakarunmu gwiwa nake yi, kuma manya suna bibiyata, ba sai na faɗi suna ba."

Ta tafi, ta daina barin yaron ya dawo daga makaranta shi kaɗai. Janar kuwa ya rubuta doguwar nasiha a kan raunin zuciyar mata a lokacin yaƙi, mutum sittin suka danna masa alamar yabo.

Sai ga labari mai daɗi. Saje ya kira mahaifiyarsu, kuma da yake Inna ba ta iya sarrafa waya, Janar ne ya riƙe mata, ya kuma ƙure murya don kunnenta ya yi nauyi. Saje ya ce an ba su hutun kwana biyar, su arba'in, bayan wata goma sha huɗu. Za su taso ranar Alhamis da ƙarfe shida na safe, motoci uku, ta tsohuwar hanyar gada. Sau biyu yana cewa, "Inna, kada a gaya wa kowa."

To, Janar bai gaya wa kowa ba, a yi masa adalci. Kati ya buga. Shekara ashirin yana wannan sana'a, kuma a wurinsa katin da babu rana, lokaci da wuri ba kati ba ne, cin mutuncin sana'a ne. Ya tsara shi tsaf, da zanen furanni a gefe. A sama ya rubuta gagarumar tarbar gwarzonmu, a ƙasa ya jera ranar, da ƙarfe nawa, da hanyar da ayarin zai biyo, da adadin motoci don masu son tsayawa bakin titi. Hoton Saje yana can a lungu kamar kan sarki a ambulan, na Janar kuma ya cinye rabin katin, an rubuta babban mai masaukin baƙi.

Ya ɗora shi a shafinsa, kafin la'asar an yaɗa katin sau ɗari uku. Kafin Laraba an soke tafiyar gaba ɗaya.

Matar Saje ta riga ta wanke labule, ta yi wa yarinya sabuwar riga, ta koya wa yaron abin da zai ce in ya ga babansa. Ranar Alhamis ta naɗe rigar ta mayar cikin akwati, ta zauna a bakin gado ta yi kuka. Ni abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, kuma irinta talatin da tara ne a wasu ɗakunan.

Bayan mako guda aka kira taron iyalan sojoji a bariki, har da takarda ta musamman ga Janar. Ya ce da ma ya san ranar tana tafe, manya sun gane shi. Ya sa babbar riga, ya fesa turare har mai gyaran fanka ya yi atishawa, ya rubuta jawabi shafi uku. A zauren aka ba shi kujerar gaba. Wata hafsa ta kunna majigi, sai ga katinsa ya cika bango, fuskarsa ta kai girman ƙofa. Ya miƙe zai ɗaga wa jama'a hannu.

"Zauna, malam," in ji hafsar. Ta nuna ranar da sanda, ta nuna lokacin, ta nuna hanyar. "Wannan ne ya hana mazajenku zuwa. Da ba mu gani da wuri ba, da yau wani taron muke yi."

Mata arba'in suka juyo suka zuba masa ido. Da ya koma shago ya shaida wa mai gyaran fanka cewa rundunar ta yi amfani da aikinsa wajen horar da jama'a.

Wata biyu bayan haka ya shiga gaida Inna, ya tarar da sabon bargo a kan gadonta, da wata ƙaramar waya mai manyan maɓallai a gefen matashi. Ya tambayi daga ina.

"Ƙaninka ne ya kawo," in ji ta. "Kwanansa biyar a gida. Yarinyar nan da farko ƙin sa ta yi, amma ranar tafiya da ƙyar aka ɓamɓare ta daga wuyansa."

Matar Saje ta sani, maƙwabta sun sani, mai gyaran fanka ma ashe shi ya ɗauko wa Saje jaka daga bakin titi.

"Kuma babu wanda ya gaya mini? Inna, ni fa yayansa ne."

"Ai bai manta da kai ba," in ji Inna, tana gyara bargonta. "Ya ce a gaishe ka sosai. Amma ya ce sai ya isa bakin aikinsa tukuna."