Dokta Sai-An-Cike da Maganin Kaska

Allah ya yi wa ƙasar Illela baiwa. Ya ba ta albasa a fadamar Badagishiri, ya ba ta gero a tudun Tajaye, da ya ga har yanzu da saura sai ya ba ta Dokta Muttaƙa.

Da can likita ne kamar kowane likita a ɗan asibitin nan namu na bakin hanya. Yana duba yara, yana rubuta magani, wani lokaci har ya taɓa goshin mara lafiya da hannunsa. Sai aka kira shi Yamai taron kwana tara kan yaran da ke shan guba. Ya tafi da jaka ɗaya, ya dawo da biyu, da takardar shaida mai zinariya a gefe, da alƙalami mai fitila a kai. Tun daga ranar bai ƙara taɓa goshin kowa ba. Ya zama mai bincike.

Allon da ya sa a ƙofar buronsa, wato ofishinsa, ya fi ƙofar faɗi, sai da kafinta ya rage wa sunan mahaifinsa harafi biyu. Ranar da aka kafa shi ya tara ma'aikata a ƙarƙashin dogon yaro, ya gyara farar rigarsa wadda ko ɗigon amai bai taɓa ganinta ba, ya ce:

"Ku hannu gare ku, ni ƙwaƙwalwa gare ni. Ku yaro guda kuke ceta, ni ƙarni guda nake ceta. Kada wanda ya ji haushi, kowa da inda Allah ya ajiye shi."

Ba wanda ya ji haushi. Rana ce ta yi zafi, kuma akwai layin mata ashirin suna jira.

Makamin ceton ƙarnin takarda ce mai tambaya sittin da biyu. Awaki nawa ne a gidanku? Rufin ɗakin kwano ne ko ciyawa? Taku nawa ne zuwa rijiya? Sai a tambaya ta hamsin da takwas ake zuwa kan abin da yaron ya sha, kuma gurabe huɗu ne kacal: isansi wato man fetur, piya-piya, maganin kusu, ƙwayoyin maganin manya. A ilimin Dokta, Allah bai halicci guba ta biyar ba.

Masu ɗaukar nauyin binciken, Allah ya saka musu, sun haɗo shi da kwalin allurar atropin, wadda ke kwance wa yaro ƙirji idan maganin ƙwari ya shaƙe shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Dokta ya sa kwalin a akwatin ƙarfe, ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kamar laya. Dokarsa ɗaya ce: ba a fitar da allura sai an cike takarda. Daga nan sunansa na Sai-An-Cike ya fito. Har mai sayar da shayi a bakin ƙofa, idan aka ce ya zuba, sai ya ce sai an cike.

Wata bakwai ba a cike ko ɗaya ba. Uwar da ɗanta ke shure-shure a hannunta ba ta da haƙurin ƙirga taku zuwa rijiya. A tambaya ta shida ko ta bakwai sukan saɓa yaron a kafaɗa, su tari kabu-kabu, su nufi asibitin Ƙonni ko na Tawa. Wasu kan isa. Dokta ya duba takardunsa farare fes, ya rubuta wa Yamai cewa tun zuwansa shan guba ya ƙare ƙaf a yankin. Wane ne zai ce ƙarya ya yi? Ga takardu nan shaida.

Ranar wata kasuwar Badagishiri, da hantsi, amalanke ta tsaya a ƙofa. Wata Bafulatana mai tallan nono, Fadimatu, ta diro da ɗiyarta Basira, 'yar shekara uku. Yawu na dalala daga bakin yarinyar, gumi ya jiƙe ta sharkaf, ƙirjinta na ƙara kamar tukunyar da ke tafasa.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa shiga ruga. Mahaifin yarinyar, Gidaɗo, ya dama maganin kaska don ya wanke shanu. Maganin nan, da zarar ya ji ruwa, sai ya yi fari tas kamar nono. A tsohuwar ƙwarya ya dama shi, ya juya ya kamo maraƙi. Yarinyar da ta tashi ta ga duk farin abu a ƙwarya nata ne, me za ta jira?

Dokta ya fito, ya ja kujera, ya kunna fitilar alƙalaminsa da rana tsaka.

"Baiwar Allah, natsu. Awaki nawa gare ku?"

"Likita, ɗiyata! Maganin kaska ta sha, hwari kamar nono!"

"Za mu zo nan. Wannan tambaya ta hamsin da takwas ce. Awaki nawa?"

"Wallahi ban sani ba! Dubi bakinta!"

Dokta ya leƙa shafi na shida saboda tausayi, ya karanta gurabensa huɗu, ya girgiza kai. Sannan ya juya ga masu jiran layi, don ba ya son ilimi ya zube a ƙasa ba kowa.

"Kun ji ko? Fari kamar nono. Ita da bakinta ta faɗa. A kimiyyance, abin da ya yi kama da nono, ya fito daga ƙwaryar nono, a gidan masu nono, nono ne. Ya lalace ne kawai. Maganin kaska ba ya cikin jerin da masana suka amince da shi a Yamai. Ba zan ɓata bincike na ƙasa da ƙasa saboda jita-jitar ruga ba."

Yana cikin wannan karatu Madam Zalika ta fito daga ɗakin allura. Ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da uku a bakin aiki, takardar shaidarta ɗaya ce kuma gara ta ci rabinta. Ba ta tambayi awaki ba. Ta shinshina rigar yarinyar, ta buɗe mata ido, ta ga ƙwayar ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Ta tuɓe rigar ta jefar, ta miƙa wa Fadimatu sabulu da bokiti, ta ce ta wanke yarinyar tun daga kai. Sannan ta miƙa wa Dokta tafin hannu.

"Makulli."

"Madam, kin san doka. Sai an cike."

"Dokta, minti goma gare ta, in ta kai. Makulli."

"Ba na aiki da tsawa. Ni na je Yamai, ba ke ba."

Madam Zalika ta fita. Dokta ya yi murmushin wanda ya ci gardama. Ta dawo da taɓaryar matar mai gadi. Bugu biyu kwaɗon ya ɓalle, na uku don akwatin ya san an zo ne.

Ta yi allura, ta sa kunne a ƙirji, ta ƙara, ta sake sauraro, ta ƙara. Har azahar tana durƙushe a gefen gadon. Dokta ma bai zauna ba, a gaskiya. Yana buro yana rubuta mata takardar neman bayani, shafi uku, kan lalata dukiyar kimiyya da taɓarya. Wajen la'asar ƙirjin Basira ya bushe, ta buɗe ido, ta ce tana son nono. Uwar ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ta yi duka biyun.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin mako ya zagayo Dokta ya gano guba ta biyar. Ya aika Yamai cewa ya bankaɗo wata sabuwar annoba a tsakanin makiyaya, ya kuma ceto yarinya ta hanyar tsarin da shi ya ƙirƙiro. Taɓarya ba ta shiga rahoton ba. Takardar Madam Zalika kuwa tana nan a kan tebur tana jiran amsa.

Yamai ta ji daɗi, ta turo baƙi uku da farar mota. Aka share tsakar asibiti, aka sayo sabon kwaɗo. Dokta ya tsaya a gabansu, ya dafa ƙirji.

"Da na dubi idon yarinyar nan, sai na ce wa raina: Muttaƙa, yau ranarka ce. Littafi ya ƙare, saura basira. Ban tsaya wata-wata ba. Mai bincike na gaskiya ba ya ɓuya a bayan takarda."

Ashe ranar ma kasuwa ce. Sai ga Fadimatu ta shigo da ƙwarya a ka, an rufe da sabon faifai, Basira na tafe a gabanta da ƙafafunta, tana jan kara a ƙasa. Dokta ya ga Allah ya kawo masa shaida har gida. Ya nuna su da hannu biyu, ya ce wa baƙi ga yarinyar nan, ga kuma uwar ta kawo godiya irin tasu. Ya matsa gaba, ya miƙa hannu zai sauke ƙwaryar.

Fadimatu ta kauce kaɗan, cikin ladabi.

"Sannu da aiki, Malam mai tambaya. Wagga ta likita ta. Ina take?"

Basira ba ta jira amsa ba. Ta hango Madam Zalika a bakin famfo tana wanke bokiti, ta yar da karan, ta ruga ta rungume mata ƙafa. Baƙin suka bi ta da kallo, sannan suka dubi sabon kwaɗon, sannan suka dubi Dokta. Babbar cikinsu ta rufe littafinta, ta nufi famfo.

Fadimatu ta bi bayanta. Ta yi taku uku sai ta tuna, ta juyo, don ba ta son a ce ta raina mutum a wurin aikinsa.

"Af, Malam, kai ma ban mance ka ba. Na ƙirgo maka awakin. Goma sha ɗaya na, guda gurguwa."

Dokta Muttaƙa ya tsaya shi kaɗai a tsakar asibiti, hannuwansa a miƙe. Can ya laluba aljihu, ya ciro alƙalami, ya kunna fitilar, ya rubuta.

Saura tambaya sittin da ɗaya.