Yadda Ake Kama Kifi a Kwalekwalen Roba Surukinka Yana Kallo

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari za ka kama kifi. Girman kifin dai ba ya cikin alkawarin. Ni mai gyaran fanka ne, amma na taɓa shiga ruwa sau ɗaya, kuma duk wanda ya gan ni ranar har yau bai manta ba.

Mataki na ɗaya: Fara da cika baki

Babu mai shiga ruwa haka siddan. Jira ranar da surukinka ya zo cin abinci gidanka, ya ɗanɗani kifi ya ce na kasuwa duk ya lalace yanzu. Sai ka yi gyaran murya ka ce, "Ai Baba, ni da kaina nake kamo nawa."

Matarka za ta ajiye cokali ta zuba maka ido. Kada ka kalle ta.

Surukina ba mai yawan magana ba ne. Cewa kawai ya yi, "To, ranar Asabar zan zo in gani."

Mataki na biyu: Haɗa kaya

Nemi kwalekwalen roba irin na mutum ɗaya, siririn nan mai filafili baki biyu. Haɗa da fatsa, gwangwanin tana, igiya, usur na neman agaji, da ledar ƙulle waya. Kular zuba kifi kuwa, ɗauki mafi girma a shagon, don kifin kirki ba ya yarda ya shiga ƙaramar kula.

Mai shago zai tambaye ka, "Maigida, ka iya iyo kuwa?" Ka ce masa sayayya ka zo yi, ba jarrabawa ba.

Mataki na uku: Yi gwaji a falo

Ajiye kwalekwalen tsakanin kujera da talabijin, ka shiga ka yi ta tuƙi. Ni a tuƙin farko na fasa ƙwan fitila, a na biyu na sauko da agogon bango.

Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Don Allah, Maigida, kira Baba ka gaya masa gaskiya. Kai da sai ka rufe ido kake zuba wa kanka ruwan wanka?"

Idan taka ta faɗi haka, ka ce mata ruwan bokiti daban, na tafki daban. Gaskiya ce, amma ba ta inda kake zato ba.

Mataki na huɗu: Sa rigar ceto

Wannan kam babu wasa a ciki, sa ta kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. Sai dai mai tsoro irinka ɗaya ta yi masa kaɗan. Ni biyu na sa, ɗaya bisa ɗaya, na ƙara da tiyub ɗin babur a ƙugu. Hannuwana suka ƙi saukowa, na iso bakin tafki kamar zan rungumi jama'a.

Surukina ya riga ni isowa. Ya kafa kujerarsa ƙarƙashin bishiya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ruwan nan za ka shiga, ko yaƙi?"

Mataki na biyar: Jefa anka

Anka nauyi ne da ake saki ƙasa don kada iska ta ja kwalekwale. Dutse ma ya isa. Ɗaure shi da igiya ƙulli uku, ka ɗaga shi yadda na bakin gaɓa za su gani, ka wurga shi da ƙarfi. Sannan ka zauna ka kalli igiyar tana binsa, tana binsa, har wutsiyarta ta shige ruwa.

A nan ne za ka gane cewa ɗaya bakin igiyar a jikin kwalekwale ake ɗaure shi. Ɗaga wa surukinka hannu kamar haka aka saba yi.

Mataki na shida: Kife da mutunci

Can za ka ji fatsarka ta yi nauyi. Ciyawa ce, amma kai ba ka sani ba. Miƙe tsaye cikin kwalekwalen ka yi ihu, "Baba, ga shi nan!"

Kwalekwale ba ya son a miƙe masa. Kafin na rufe baki na ji ni a ruwa, sama ta koma ƙasa. Wallahi na ɗauka tawa ta ƙare. Na busa usur har ya cika da ruwa, na koma ihu da baki. Na yafe wa kowa, na roƙi a yafe mini, na bar wasiyya a mayar wa mai shayi fankarsa, na gyara ta.

Sai na ji muryar wata tsohuwa da ke wanke tabarma kusa da ni. Ta ce, "Bawan Allah, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan iya gwiwa. Ita ma tsohuwar ta fi ni nisa a ciki.

Mataki na bakwai: Gabatar da kamunka

Da ka fito, cire rigunan a hankali. Ni tsakanin ta farko da ta biyu na ji wani abu yana mutsu-mutsu. Kifi ne, tsawon babban yatsana. Na sa shi cikin ƙatuwar kular nan, na ɗauko da hannu biyu, na durƙusa na ajiye gaban surukina.

Ya buɗe. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana neman kifin kafin ya gan shi a lungu.

Ya ce, "Kai ka kama shi, ko shi ya kama ka?"

Na karkata kai, ruwa yana ɗiga daga kunnena.

Ya ce, "Mayar da shi, uwarsa tana nemansa." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba tun da na auri 'yarsa, ya yi dariya har sai da ya riƙe bishiya. Da ya lafa, ya share hawaye ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Rabona da nishaɗi irin wannan na manta. Asabar mai zuwa zan zo da abokaina."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya jiƙe, ko wayarsa ta sha ruwa, ko shi ya taso mutuncinsa ya nutse, ba ruwana. Wanda kuma ya zo mini da ƙorafi, zan rantse gaban shaidu ban taɓa ganin ruwa ba sai a kofi.