Ranar da Rakiyatu Ta Daina Zagin Tijani

"Lahiya lau, sai ciwon kan da ka kawo mana ka ɗaure a bango."

"To madalla. Ina gajiya, baiwata?"

Haka Rakiyatu ta tari Tijani a ƙofar gidan da take haya a unguwar Tahaggart. Taubasai ne, uwarta da ubansa cikinsu ɗaya, kuma tun suna yara a Damagaram ba wanda ya taɓa jin sun gaisa da daɗin baki. Aikinsa sa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne kuma ya sa wa mahaifiyarta Inna guda ɗaya, wadda numfashi ke sarƙe mata in zafi ya matsa. Sanyi kam ya samu. Sai dai gwanin naku ya kafa injin waje a bangon da ya haɗa su da mai gidan, Alhaji Idrisa, daidai ɗakin tsohuwarsa. Da an kunna, bangon ya ɗauki rawa. Ran nan da safe Alhaji ya ce in ya dawo bayan la'asar ya ji ƙarar nan, su nemi wani gida. Mijin Rakiyatu yana Agadas, kuma duk baƙon da ya taɓa neman haya a garin nan ya san ba wasa ba ne. Ni maƙwabciyarta ce, ina zaune ina taya ta tsintar shinkafa, raina a ɓace.

Ta ce, "Kilim muka ce ka sa mana, ba injin niƙa ba. Shekaranjiya wata ta shigo da kwanon gero tana tambayar nawa ake niƙa tiya."

"Kin karɓa? Rabi nawa ne, injina ne."

"Kwanukan tsohuwar Alhaji har sauka suke daga kanta da kansu."

"Sun gaji da zama ne. Ke da kika tashi da mahucin kaba, ina kika san kukan kilim? Ni ban ma ji wata ƙara ba."

"Na kashe shi tun sahe."

"Ashe kin gyara da kanki. Mi kika kira ni in yi?"

"Tijani, mai gida ya ce mu tashi."

"Ku tashi mana, zama ya yi muku yawa. Dubi yadda kika yi ƙiba."

"Wallahi da gaske nake."

"Bara ma da gaske kike, da kika ce mini 'yan dowan, masu kwastan, sun kama motata, na yi gudu har tasha ba takalmi."

Ka ji inda matsalar take. Taubashi ba a yi masa fushi, shi kuma ba ya gaskata ka. Duk abin da ta faɗa sai ya cafe ya mayar mata da dariya, ga rana tana ta yin yamma. Na buɗe baki zan sa magana, ya ce ai tare muka ƙulla. Ya duba wayarsa, ya ce yana da aiki a Outoul, sai bayan Juma'a zai leƙo in Allah ya kai mu. Ya juya zai fita.

Rakiyatu ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarmar baƙi ta shimfiɗa, ta kawo ruwa a kofin da ba a taɓawa sai an yi manyan baƙi. Ta gyara mayafi, ta durƙusa.

"Malam Tijani, sannunku da zuwa. Ya aiki? Ya iyali?"

Ya tsaya cak. "Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Don Allah in kun samu sarari ku duba mana na'urar nan. In kuma ba hali, ku taimaka mana da sunan wani mai gyara. Mun gode da ƙoƙarinku."

"Ke, mai kan tulu! Ni kike ce wa Malam?"

"Allah ya huci zuciyarku."

"Rakiya, bar wannan. Ba na so."

"To, Malam."

 Gidan ya yi tsit, kuma a cikin shirun nan ne Tijani ya jiyo numfashin Inna daga ɗaki, yana fita da ƙyar. Ya ɗaga labule. Tana kishingiɗe, gumi ya jiƙe mata wuya, gefenta ga kaya ƙulli-ƙulli da Rakiyatu ta fara ɗaurewa.

"Gwaggo," in ji shi, muryarsa ta sauya. 

Ya kunna kilim ɗin, ya dafa bangon, ya yi maza ya kashe. Da ya hau tsani sai ga asirinsa a fili: maimakon robar da ake sa wa ƙafafun injin, tsohon silifa ya yayyanka ya cusa, shi ma ya zame. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya sauko da shi tsakar gida, ya ɗora kan bulo nesa da bangon. Tiyon jan ƙarfen bai kai ba, ya je mota ya ɗauko wanda ya saya don aikin Outoul, da roba ta gaske.

Yana aiki yana roƙo. "Ba ki ga silihwan ba? Ki ce wani abu mana."

"Allah ya ba da sa'a, Malam."

"Wannan ya hi mari ciwo, wallahi."

Ya gama haɗawa ya kunna. Ana sallame la'asar Alhaji Idrisa ya yi sallama, fuskarsa rufe da rawani, idanunsa kawai ake gani.  Ya je ya kara kunne a bangon, ya daɗe. Sannan ya ce da Hausarsa ta Buzaye, "Kun kashe?"

Rakiyatu ta ɗaga labulen Inna, sanyi ya buso masa. Ya dubi injin a ƙasa yana juyawa a hankali, ya gyaɗa kai, ya fice.

Tijani ya koma mota ya dawo da ledar dabinon Abalessa, ya ajiye a gabanta.

"Rabi na tsohuwar Alhaji, rabi naki. Na yi laihi, na sauka. Yanzu ki dubi Allah ki zage ni."

Ta ɗauki ɗaya, ta ɓare, ta duba ciki da kyau.

"Jakin Damagaram. Dabinon ma mai tsutsa ka zaɓo."

"Alhamdu lillahi!" Ya zube kan tabarmar baƙin yana dariya har da hawaye.

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, ras da ita: "Ku rage mini surutu in yi barci. Yanzu ku kun hi injin ƙara."