Tunau da Tankin Kwalta

A garinmu Kwarin Maɗaci akwai wani bawan Allah, Tunau. Ƙato ne, ga gemu ga ƙarfi, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Gidansu daga shi sai mahaifiyarsa Inna Kuluwa, mai ciwon ƙafa da kaifin baki. 'Yarta Hansatu tana aure a hayin fadama, kuma da zarar ruwa ya sauka hanyarmu ta mutu ke nan, ko jaki ba ya wucewa. Inna ta tsufa, kullum tana cewa tsoronta kada ta mutu da damina ba ta ga Hansatu ba.

Wata rana masu aikin hanya suka sauke tankin kwalta a bakin gari. Kai, jama'a! Ban taɓa ganin ƙarfe mai girman wannan ba, rumbun mai gari a gefensa kamar akurki. Injiniya Ilyasu ya yi mana bayani: kwalta idan ta huce daskarewa take, don haka ake nannaɗe bututun ƙarfe a cikin tankin, man da aka dafa yana zagayawa ta cikin bututun yana narkar da ita. Tsawon bututun kuwa sai an auna shi daidai da cikin tankin. Ya ɗauki Tunau aiki, ya miƙa masa bakin igiyar awo.

"Riƙe nan, kada ka saki sai na ce."

Sai aka kira Injiniya a waya, ya shiga mota ya tafi. Da la'asar ya dawo ya tarar da Tunau tsaye cikin rana, igiya a hannu, Inna tana ba shi fura a baki tana zagin Injiniya da duk wanda ya koya masa boko.

Wata rana mai walda ya gama haɗa bututun. Injiniya ya ce, "Tunau, shiga tankin ka bi bututun har ƙarshe, ka duba ko akwai inda ya taɓa ƙasa." Tunau ya shiga yana rarrafe. Ya yi sallama, tankin ya amsa masa da murya mai kauri, har mu da ke waje tsikar jikinmu ta tashi. Ya bi lanƙwasa bayan lanƙwasa, har inda bututun ya fita ta wata 'yar kafa zuwa tukunyar dafa mai. Nan Tunau ya cusa hannu iya kafaɗa, ya maƙale.

"Fito mana!"

"Ranka ya daɗe, ban kai ƙarshe ba."

Sai da aka ƙarar da sabulun Inna kafin hannun ya fito.

Wata rana aka cika tanki, aka kunna wuta. Tsakiya ta narke, amma gefe da bakin famfo suka daskare kamar dutse. Ashe bututun da kamfani ya aiko bai kai tsawon da Injiniya ya lissafa ba, ga iskar bazara tana kaɗawa tana kwashe ɗan zafin. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Kamfani ya aiko cewa idan kwalta ba ta zuba ba kafin ruwan fari, za a kwashe injuna a kai wani gari. Wallahi ranar Inna ko tuwo ba ta ci ba.

Injiniya ya shirya zuwa birni roƙon ƙarin bututu. Ya dafa tankin, ransa a ɓace, ya ce, "Tunau, sanyi ne ke damun abin nan. Ka kula da shi yadda kake kula da Innarka."

To, kun san yadda Tunau ke kula da Inna idan sanyi ya kama ta: ya toshe duk kafar da iska ke shiga ɗaki, ya kare ƙofa da zana, ya lulluɓe mata ƙafa, ya dama kunu. Haka ya yi. Ya kwaɓa laka da ciyawa, ya hau tsani ya yaɓe tankin tun daga sama har ƙasa. Ya kwance zanar gidansu kaf ya kewaye shi. Ya zare bargon Inna ya naɗe bakin famfo. Sannan ya ajiye kwaryar kunu a gindinsa.

Inna ta fito ta ga gidanta tsirara, awakin maƙwabta har cikin madafa.

"Tunau! Ni na haife ka ko ƙarfen nan?"

"Inna, shi ne ba shi da lafiya yanzu."

Mun yi dariya har da riƙe ciki, ni ma ban tsira ba.

Injiniya ya dawo hannu wofi. Ya ga tankinsa ya koma rumbu, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya ɗora tafin hannu a kan lakar. Ya je ya murɗa famfo. Allahu Akbar! Kwalta ta ɓalle baƙa wuluk, tana sheƙi tana tururi, tana zuba ba yankewa. Zafin da iska ke sacewa ya zauna a ciki, gajeren bututun ya wadatar. Duk wanda ya yi dariya ya ji kunya. Injiniya ya cire hularsa yana ta faɗin, "Ikon Allah, ikon Allah."

An gama hanya, ruwa ya sauka, fadama ta cika. Ranar nan Injiniya da kansa ya ɗauki Inna a mota zuwa gidan Hansatu, ruwa na dukan gilashi, tana kuka tana sa albarka. Da suka zo daidai tankin ya ce zai saya mata sabon bargo, ko a kwance mata nata.

"Bar masa," in ji Inna. "Ya fi ni buƙata."

Tunau na zaune a baya, ya leƙa ta taga, fuskarsa duk damuwa.

"Inna, har yau fa bai sha kununsa ba."